Ɗakin da Na Gina wa Zakhari

Ni na gina ɗakin da hannuna, don haka na san ba coci ba ne. Bayan girbin alkama maƙwabcina Zakhari, Kirista, ya kira ni, ya ce ɗansa Abanub zai yi aure, in ɗora masa ɗaki a saman gidan. Amaryar ta ga taga mai baka a cikin garin Minya, ta ce irinta take so. Na yi mata.

Lokacin zaɓen majalisa ne. Hajji Gaber mai gidan mai yana takara da ƙanen dagaci, wanda ake cewa shi Kiristocin ƙauyenmu za su zaɓa. Ban san bakin da maganar ta fara fitowa ba. A wurin mai shayi na tsince ta, wai Zakhari yana gina coci a ɓoye. Kafin a jima har an ce an shigo da ƙararrawa cikin buhun taki.

Hankalina ya ƙi kwanciya. In na zauna cin abinci sai in miƙe, in leƙa titi, in dawo. Matata ta ce, "Khalaf, ko ka ci ko ka fita, kana juya min kai."

Na je wurin Zakhari. Na same shi yana wanke saniyarsa.

"Baban Abanub, ka ji abin da ake faɗa?"

"Na ji. Ashe ma ƙararrawa gare ni. Ka tambayar min inda na ajiye ta." Ya yi dariya.

Ranar Juma'a, ana sallamewa a masallaci na miƙe na ce, "Jama'a, ɗakin amarya ne, har da banɗaki a ciki."

Wani direban Hajji Gaber ya ce, "Zauna, maginin Fadan coci. Sun ba ka giyarsu ne?"

Aka yi dariya, aka ture ni aka fita, aka nufi gidan Zakhari. Liman yana kiran mutane su dawo, ba wanda ya waiwaya. Na bi ta gonar rake da gudu, na riga su isa, na hau saman gidan na zauna a bakin tagar. Na zaci in sun gan ni za su ji kunya. Dutsen farko a kafaɗata ya sauka. Daga can ina kallo suka cinna wa rumfar dabbobi wuta, ina jin matan gidan suna addu'a a ƙasa. Sai da rumfar ta cinye sannan 'yan sanda suka iso.

Aka yi zaman sulhu a gidan dagaci. Liman da Fada suka rungumi juna, Hajji Gaber ya tsaya tsakaninsu aka ɗauki hoto. Kowa ya yarda ɗakin ba coci ba ne. Sannan aka yanke cewa a rushe shi, don a zauna lafiya, Zakhari kuma ya janye ƙarar da ya kai kan ƙona rumfar.

Da yamma Zakhari ya zo ƙofata, bai shiga ba.

"Kai za ka rushe shi."

"Wallahi ba zan iya ba."

"In wani ya zo zai tsaga min rufin ɗakunan ƙasa. Kai ka san yadda ka ɗora shi."

Haka na hau da kafaɗa a kumbure, ina sauke bulo ɗaya bayan ɗaya, Abanub yana karɓa yana jerawa. An ɗaura auren a cocin garin gaba, ba kiɗa. Bayan biki ya ɗauki matarsa suka koma Alƙahira.

Hajji Gaber bai ci zaɓen ba, ƙanen dagaci ma bai ci ba. Muna gaisawa da Zakhari a hanyar gona, amma duk Juma'a tun hantsi yake rufe ƙofarsa.