Taguwar Tomoe

Shekarar da gwamnati ta ce kowane ofis ya tsayar da na'urar sanyaya ɗaki a kan digiri ashirin da takwas don a rage shan wuta, ma'aikata sun yi guna-guni. Da aka ƙara da cewa maza su ajiye kwat da laktaye har zafi ya wuce, sai suka yi murna. Tomoe Shimoda kuwa ranar ko kaɗan ba ta yi murna ba, don ita da yayanta Genzo laktayen siliki suke saƙawa a garin Kiryu na ƙasar Japan tun zamanin mahaifinsu.

Kafin damina ta ɗauke, kantunan Tokyo sun daina kiran su. Injinan saƙa suka yi tsit.

"Mu rufe kawai," in ji Genzo. "Gwamnati ta kwance wuyan mutane, ta shaƙe namu."

"Yaya, kai dai ka iya magana. Ni zan je su faɗa mini a idona."

Ta nufi ofishin magajin gari da faɗa a bakinta. Tana shiga, zafi ya tare ta. Ma'aikata na ta fifita da mahuci, ba laktaye a wuyan kowa, amma riguna sun manne musu a baya sharkaf. Jami'in da ya saurare ta, Kuramochi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ki yi haƙuri, Shimoda-san, doka ce. Mu ma kin ga yadda muke dahuwa."

Ta tsaya tana kallon rigarsa, har ta manta faɗan da ta zo yi. Da ta koma gida ta buɗe akwatin mahaifiyarsu, ta ciro kimono, doguwar rigar gargajiyarsu ta lokacin zafi, mai ƙananan ramuka, irin wadda iska ke ratsawa. Ta ce wa Genzo ya gyara mata inji, za ta saƙa irin wannan yadin ta yi taguwa.

Taguwar farko ta yi shara-shara da yawa. Genzo ya saka, tumbinsa ya bayyana har cibiya.

"Wannan in na fita da ita 'yan sanda za su kama ni!"

"Tumbin za su kama, ba rigar ba."

Ta biyu ta yage a wanki. Tomoe ta yi kukanta a bayan inji, ta share ido, ta haɗa zaren siliki da na auduga. Wannan karon yadin ya tsaya da kyau, ga shi ba nauyi.

Ta kai wa Kuramochi guda ɗaya, ta ce ya yini da ita, in bai ji daɗi ba ya goge tebur da ita. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar masaƙa, abokan aikinsa na biye da shi, kowa na tambayar ko akwai daidai shi.

Kafin zafin baɗi aiki ya fi ƙarfinsu. Tomoe ta bi maƙwabta masu saƙa da suka rufe, ta raba musu, layin ya sake cika da ƙarar injina. Ran nan ta ji Genzo a waya yana faɗa wa wani mai kanti a Tokyo, "Ai dabarar tun tuni take kaina."

Ta fizge wayar tana dariya. "Ranka ya daɗe, guda nawa kake so? Sai dai fa ka bi layi."