Babban Yatsan Mizhir a Jikin Laka

Mizhir ne ya fara ganin allon lakar nan, kafin shugaban aiki, kafin Baturen da ya zo tona tsohon gidan bautar. Duk wanda ya ce shi ne, ƙarya yake yi. Mizhir na nan da ransa, ya tsufa amma bai rikice ba.

A lokacin ba mai yarda ya shiga ramin da aka haƙa ƙarƙashin bangon sai shi, don ƙuncinsa kamar bakin tanderu. Can ƙasa ya hango gefen allon, bai fi tafin hannu ba, da rubutu a jikinsa kamar sawun tsuntsaye. Ya zaro shi ke nan, bango ya zubo. Ƙasa ta binne shi har ƙirji, ta danne hannun hagu. Na dama kaɗai ya rage a sama, riƙe da allon.

Sai ruwan gishiri ya fara tsattsafowa, yadda yake yi wa duk wanda ya zurfafa rami kusa da kogin Furat. Allon kuwa ɗanyar laka ce, ba a gasa ba. Ruwa na taɓa shi zai koma taɓo.

Aka zuro igiya. Falih, ɗan baffansa, ya leƙo har ya tare ɗan hasken da ke shigowa.

"Saki lakar nan ka kama igiya, jaki!"

"Ɗan baffa, hannu ɗaya gare ni, kuma yana da aiki."

Falih ya zage shi, ya haɗa da kakan da suka haɗa, ya ce laka ga ta nan cike da gonarsu, in ya fito zai ɗebo masa kwando guda. Mizhir bai san ko harafi ɗaya ba, amma ya rantse abin da ya riga kowa gani ba zai bar wa ruwa ba.

Ruwa ya hau kafaɗa, ya kai haɓa. In ya ja numfashi, ƙasa ta ƙara matse shi. Hannun ya mutu, bai ma san ko har yanzu yana riƙe da wani abu ba. Igiya na shafar goshinsa, tana lilo.

Da Falih ya ga taurin kan ba zai ƙare ba, ya sa aka riƙe ƙafafunsa aka zuro shi ta ka. Da ƙyar ya ɓanɓare allon daga yatsun Mizhir, ya naɗe a rawaninsa, sannan ya zura masa igiya a hammata. Aka jawo shi da karyayyun haƙarƙari. Hannun hagun bai sake miƙewa ba har yau.

Da Baturen ya buɗe rawanin, rubutun na nan lafiya, sai dai a kusurwa gumi ya jiƙa lakar, babban yatsan Mizhir ya nutse a ciki.

Yanzu allon yana gidan tarihi na Bagadaza, a cikin akwatin gilashi. Mai musu ya ɗauki Mizhir ya kai shi can, ya sa a buɗe, a gwada yatsan kowa.