Ciyawa a Kan Kwano

Shekara talatin Farfesa yana cin abinci da magana guda: kada ka tambayi talaka abin da yake samu, dubi rufin ɗakinsa. Baki na ƙarya, in ji shi, kwano ba ya yi. Da wannan ya zama masanin tattalin arzikin da ake aiko wa tikitin jirgi. Ma'aikatar noma ma ta rungumi ma'auninsa: a ɗauki hoton ƙauyuka daga sama, duk gidan da aka hango kwano ya fita daga talauci, sai a cire shi daga masu karɓar taki.

Saura mako guda ya yi laccarsa ta ban kwana, sababbin hotuna suka iso. Dakta, wadda za ta gaji kujerarsa, ta baza su a tebur, ta danne da kofin shayi saboda fanka.

"Ranka ya daɗe, dubi nan. Bara waccan kwano tamanin, bana goma sha ɗaya. Gobara aka yi?"

Ya gyara tabarau. Ƙauyensu ne.

Washegari ya kama hanya. Gidan yayarsa, wadda ta goya shi, shi ya rufa mata da kwano shekarar da littafinsa na farko ya fito. Ya tarar da ciyawa. Da ya sunkuya ya shiga ɗaki ya ɗaga kai, sai ga kwanon nan garau, ko tsatsa babu.

"Yaya, mene ne haka?"

"Ciyawa ce, ɗan boko. Ko a birni ba ku san ta ba?" Ta tura masa kujera da ƙafa. "Damina biyu ba a ba ni taki ba. Na je ofis, aka ce jirgi ya ce ni mai hali ce. Na ce to jirgin ya sauko ya leƙa rumbuna. Suka yi ta dariya. Shi ne na sa aka lulluɓe. Da sunana ya dawo cikin masu karɓar taki, maƙwabta suka bi sahu."

"Kin san wanda ya ƙirƙiro ma'aunin nan?"

"Kowa ya sani. Shi ya sa ba a faɗa maka ba."

Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Lissafin kuma ba mai wuya ba ne ga mai digiri uku. In ya faɗi gaskiya, gida sittin da tara sun rasa taki, aikinsa na shekara talatin ya bi ruwa. In ya yi shiru, ciyawa ta ci gaba da yi wa ma'auninsa ƙarya.

Ta raka shi har mota. "In za ka tona, ka tona, ƙanina," ta ce. "Amma ka fara zuwa ka kwashe kwanonka."

Ranar lacca zauren ya cika maƙil. Da hoton ya bayyana a bango, daraktan ma'aikata ya ɗaga hannu.

"Farfesa, me ya sami wannan ƙauyen?"

Ya daɗe yana kallon rufin yayarsa, na uku daga bakin rijiya.

"Suna buƙatar taki," ya ce.

Daraktan ya rubuta. Sannan ya miƙe ya sanar cewa, don girmama Farfesa, daga baɗi za a yi aiki da ma'aunin a duk sauran yankuna. Aka yi ta tafi.