Iznin Mala

Mala mai wankin hula a Fagge ba mafaɗaci ba ne, amma ranar da labarin ya iso masa ransa ya ɓaci ƙwarai. Wai 'yarsa Yagana, in an tashi daga makarantarsu ta Sabon Gari, ba ta biyo sauran yara. Malama Veronica ke zaunar da ita a gindin mangwaro, suna hirar mahaifiyar yarinyar da ta rasu da damina. Zancen cikin gidansa a kunnen baƙuwa, ba wanda ya tambaye shi! Ya hau kekensa da niyyar cire yarinyar daga makarantar.

Malama ta ba shi kujera. Suka gaisa, don fushi bai taɓa hana Mala gaisuwa ba.

"Malama, wa ya ba ki izni?"

"Malam, na aiki Yagana wurinka. Na ce in ba ka yarda ba ta faɗa mini. Da na ji shiru, sai na ɗauka ka yarda."

Mala ya sunkuyar da kai. Baiwar Allah, shekarunta da yawa a Kano, Hausa a bakinta kamar 'yar gari, amma ba ta san Yagana 'yar fari ba ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya zauna hira da ita. Ita ma in ta ji takunsa sai ta shige ɗaki. Kunya ce, haka ya tarar ana yi. Da can uwar ce ke kai saƙo tsakaninsu, shi ya sa na Malama bai iso shi ba.

"Aikena bai yi daidai ba, da ni na zo da kaina," in ji Malama bayan ya yi mata bayani. "'Yarka ce, in ka ce a bari, an bari. Amma Malam, a gida da wa take magana?"

Tausayin yarinyar ya kama shi, har ya ji kunyar kansa.

Ya fito ya tarar da Yagana a bakin ƙofa, rungume da littattafanta, tana jiran hukunci. Bai hau keken ba, ya riƙa tura shi, tana biye a baya. Sai da suka shigo Fagge ya yi gyaran murya, idonsa na kan hanya.

"Ke, gobe ki tsaya wurin Malama. Ni na ce."

"To, Baba."

Suka ƙara 'yar tafiya.

"Abin da kika manta game da mahaifiyarki kuma, ki tambaye ni. Ban manta komai ba."