Akwatin Lamidi Ba Shi da Birki

A Funtuwa aka haife ni, a shagon babana Marcellinus kusa da tashar jirgin ƙasa kuma na koyi buga takarda. Sunana Ifeyinwa, ko da yake mutanen gari sun yanke shi zuwa Ife don su hutar da bakinsu. A shekarar 1989 Baba ya je Kaduna ya dawo da kwamfuta biyu na hannu, yana taku kamar wanda ya sayo jirgin sama. Da aka kwance kaya sai aka ga ɗayar ba ta da allon kallo, ba ta da kibod, wato faifan haruffan da ake dannawa. Ɗaya ta zama ta aikina. Ɗayar kuma tsohon mai ita ya bar wasan tseren mota a ciki, Baba ya rantse wasa ba zai shiga inda ake buga takardun mutane ba.

Sai aka kira Lamidi mai gyaran rediyo. Shi ma haifaffen gari ne, iyayensa daga Ilori, kuma idan ana neman mai ji da aikin hannunsa a Funtuwa, an same shi. Ba a taɓa jin kalmar "bai yi ba" ta fito daga bakinsa ba. Rediyonka ya ƙi magana bayan gyara, to kai ne ba ka iya riƙe shi ba. Ya ɗauki wani gwangwanin biskit, ya cusa masa wayoyi, ya dasa masa abin murɗa tasha na tsohuwar rediyo. Ka murɗa hagu, kibod da allo su koma kan kwamfutata. Ka murɗa dama, su koma kan wasa. Har daga Bakori da Tsiga an zo kallon akwatin nan, shi kuwa Lamidi ya ƙara faɗin kafaɗa.

Aibin akwatin ɗaya ne. Idan mai wasa yana danne da harafin totur, sai ga mai takarda ya shigo, ya yi saurin murɗa mini akwatin bai ɗage yatsa ba, to kwamfutar wasa ba ta sanin an saki. Da an murɗo mata sai motar ta zabura ita kaɗai, ta yi ta gudu har ta rungumi bishiya. Bature, malamin gona da ke zuwa daga Malumfashi kowace Asabar, shi ya raɗa masa suna akwatin aljanu.

Malam Ummaru direba shi ne ya mai da aibin nan abin hawa. Shekara da shekaru yana ɗauko auduga daga ƙauyuka zuwa injin gurza, har ranar da ya kauce wa garken shanu a wata kwana, mota ta kwanta da shi. An yanke masa hannun hagu daga ƙasan gwiwa. Bayan nan ya shige gida, ko tashar mota ba ya bi ta gabanta. Bature ne ya janyo shi shagonmu da ƙyar, wai ya zo ya ga motar da ba ta shan mai.

Wasan kuwa na hannu biyu ne. Haruffan totur da birki suna can ƙarshen hagu na kibod, na sitiyari suna ƙarshen dama. Baba ya hana a ɗora komai a kan kibod, don duk garin babu wani. Da Bature ya ce bari ya riƙe masa totur, kallo ɗaya Malam Ummaru ya yi masa, bai sake tayi ba. Ya zauna yana kallon yadda motocin mutane ke zabura, sai wata rana ya ja kujera. Ya danne totur da hannun dama, ya tura abin murɗawa da dungun hannunsa ta cikin hannun riga, ya saki, ya turo shi ya dawo. Mota ta tashi da kanta, shi kuwa ya kama sitiyari.

Ni da ke gefe na san abin da na gani. Mutumin nan ba shi da damar rage gudu, don haka tun daga nesa yake yanko kwana, yadda ya saba da lodin auduga. Masu hannu biyu suna taka birki suna zufa, shi yana wuce su yana tauna goro. Kowa a shagon ya san dabarar, ba wanda ya taɓa furta ta, kamar yadda ba a maganar hannun. Ya fara aske gemu, ya fara tsayawa a tasha yana gaisawa da tsofaffin abokansa. Ina alfahari da shi, na faɗa ban ɓoye ba.

Lamidi ne kaɗai bai sani ba, don shi a ganinsa wasan na marasa aikin yi ne, ba ya zuwa. Sunan akwatin aljanu dai ya kai kunnensa, a bakin wani mai shayi ma, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ran Alhamis ya zo ya ɗauke akwatin ba ko gaisuwar kirki. Ran Asabar da la'asar ya dawo da shi, ya sa sabuwar hula, ya tsaya sai da masu wasa suka taru.

"To, ga aljanunku nan na kore su," in ji shi. "Na sa mashi sakata mai sifirin a baya. Sai ka ja ta da hannu guda, ka murɗa da ɗayan. In ga yadda mutum zai bar yatsa a kan harafi kuma."

Gaskiya gyara ne mai kyau. Bature ya gwada, ya murɗa ya dawo, mota ta tsaya cik tana jira. Ba wanda ya yaba, Lamidi ya ɗauka kunyar tsokanar da suka yi masa ce. Ni kuwa sai na hango Malam Ummaru yana cire takalmi a bakin ƙofa.

Ya yi sallama, ya zauna a kujerarsa, ya danne totur, ya tura da dungu. Abin bai motsa ba. Ya sake turawa da ƙarfi, gwangwanin ya ja baya, hannun rigarsa ya zame, dungun ya fito fili gaban kowa. Ya leƙa bayan akwatin ya ga sakatar. Ya gyara hannun rigarsa a hankali.

"Aiki ya yi kyau, Malam Lamidi," ya ce. "Ku yi wasanku, ni kau zan leƙa kasuwa."

Babu kasuwar da za shi. Na san in ya fita ƙofar nan gida zai koma, kuma Bature ba zai iya fito da shi karo na biyu ba. Duk abin da zan faɗa kuwa sai ya taɓo hannun. Na dubi Lamidi. Idonsa yana kan harafin totur, ya koma kan abin murɗawa, ya koma kan hannun rigar da ke lilo. Mai gyaran rediyo ne, ba ya buƙatar a zana masa.

"Dakata, Direba," in ji Lamidi. Ya ɗaga akwatin ya kai kunne, ya girgiza shi. "Ina jin wani ƙara a ciki."

Ba wani ƙara, ni ce kusa da shi. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance sakatar, ya jefa ta cikin hularsa tare da sifirin ɗin.

Bature, wanda ba ya barin tsokana ta wuce shi ko a gidan makoki, ya ce, "Malam Lamidi, ashe gyaran bai yi ba?"

Lamidi ya mai da sukundireba aljihu. Ya san kafin magariba mai shayi zai ji, kafin gobe maganar ta kai Malumfashi.

"Bai yi ba," ya ce. "Direba, zo ka gwada mini, in ji ko ya koma yadda yake."

Malam Ummaru ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Sannan ya cire shi, ya dawo ya zauna. Ya danne, ya tura, ya saki, ya turo. Mota ta zabura. Lamidi bai tafi ba, ya tsaya a bayansa yana kallo, karon farko ke nan da ya ga wasan. A kwanar farko ya dafe kujera, a ta biyu ya ce "Subhanallahi" ƙasa-ƙasa, daga nan ya dinga karkata jiki duk inda motar ta karkata. Direba ya wuce kowa ya shiga layin ƙarshe, bai goga ko ciyawa ba.

Ya jingina, ya gutsiri goro, ya miƙa wa Lamidi ragowar ba tare da ya waiwaya ba.

"Malam Lamidi, akwatin nan naka dai ba shi da birki."

Lamidi ya karɓi goron, ya zazzage sakatar a aljihu, ya mai da hularsa ka.

"Haka na ƙera shi," ya ce.