Iyakar Gonar Iliyasu

Mutum huɗu wannan labari ya shafa: Malam Nababa, manomi a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, matarsa Barira, Malama Sa'adiyya, 'yar maƙwabcinsa marigayi Iliyasu, da Sabo mai cajin waya.

"Ta sake gogewa, Baba," in ji Sa'adiyya.

Karo na uku ke nan. Malam Nababa yana kwance a rumfa, kwanansa tara bai ci tuwo ba. Shi ya aika ta zo da laftof ɗinta, ƙaramar kwamfutar nan, domin yana da magana da yake so a buga a takarda, a ba mai unguwa da 'ya'yansa da ke birni. Batirin na'urar ya mutu, don haka Sabo ya jawo waya daga janaretansa. Amma da zarar ta ɗora yatsa a ɗan filin da ake shafawa, sai 'yar kibiyar nan ta kan allo ta zabura, ta haura sama, ta gangara, ta share abin da aka rubuta.

Tsohon ya zuba wa kibiyar ido. Gani yake kamar ɗan tsako ne ya ɓata a cikin gero, yana ta neman uwarsa. Can ya hango damina mai nisa, ƙasa tana tururi, shi kaɗai a gona da fartanya. A ransa ya ce, ko na'urar ma ta ƙi karɓar maganata ne?

Sabo ya zare caja, kibiyar ta natsu, allon kuma ya mutu. Ya mayar, ta koma rawa.

"Malama, ba aljanu ba ne," ya ce. "Wutar ce ba ta da hanyar komawa ƙasa, shi ya sa take bin yatsanki."

"To ka yi mata hanya mana, injiniyan ƙauye," in ji Barira.

Ya samo guntun rodi, ya kafa a gindin katanga, ya ɗaura masa waya, ɗaya bakin ya naɗe a ƙarfen gefen na'urar. Kibiyar ba ta fasa ba. Sabo ya sosa ƙeya.

"Sabo," in ji Malam Nababa, murya can ƙasa, "wurin nan fako ne tun ina yaro. Ko gyaɗa ba ta yarda da shi. Je ka gindin randa, can akwai danshi."

Aka cire rodin, aka kai shi inda ruwa ya shekara arba'in yana ɗiga. Bugu biyu ya nutse. Sa'adiyya ta shafa, kibiyar ta bi yatsanta a hankali, ta tsaya inda aka tsayar da ita.

"Rubuta," ya ce. "Ni Nababa ɗan Abdulkabir, shekarar da Iliyasu ya kwanta ciwo a asibiti, na tumɓuke gambar da ta raba gonakinmu, na dasa ta taku uku cikin tasa. Ya dawo, ya duba, bai ce mini komai ba har ya koma ga Allah."

Yatsun Sa'adiyya suka tsaya. Barira ta ja bakin zane ta rufe fuska.

"Baba, ni na yafe," in ji Sa'adiyya.

"Ke kaɗai ya haifa? Rubuta, 'yata. Iyakar gaskiya daga kututturen ɗorawa ce zuwa surin gara."

Ta rubuta, ta karanta masa sau biyu. Ya sa Sabo da Barira suka ce sun shaida. Daga nan ya nemi ruwa, ya kurɓa, ya ce yana jin ƙanshin ƙasa kamar an yi yayyafi. Kafin la'asar ya cika da kalmar shahada.

Washegarin sadakar uku, 'ya'yansa biyu suka fita da takardar, mai unguwa yana gaba. Suka haƙe gambar saiwa da ƙasa, suka mayar da ita baya. Sa'adiyya ta tsaya a kan siririn filin da ya fito, baƙi, mai danshi, har wata kurciya ta sauka a ƙarshensa tana kiwo.

Iyakar abin da ya iso gare ni ke nan. Da furfura na koyi riƙon biro. Inda na kauce, wanda ya fi ni sani ya daidaita.