Tsirkiyar da Cleophus Ya Sassauta

Cleophus Gaines ne ya koya wa ƙanensa Ezell riƙon jita, tun suna cirar auduga a gonakin bayan garin Clarksdale, a kudancin Amurka. Yatsun Cleophus ba su da na biyu a yankin, amma Allah bai ba shi murya ba. Ezell kuwa in ya ja waƙar bulus, wato waƙar baƙin ciki ta baƙar fatan yankin, mata masu suyar tarwaɗa ranar Asabar har barin kifi suke ya ƙone.

"Kai dai kaɗa mini, Yaya," Ezell kan ce yana dariya, "kukan ka bar mini."

Cleophus sai ya yi yaƙe, abin na cin sa a rai.

Wata shekara wani Bature mai kamfanin faifai ya zo gari, ya kafa na'urarsa a bayan shagon kujeru. Ya saurare su, ya nuna Ezell da sigarinsa. "Wannan nake so. Kai kuma zauna bayansa ka kaɗa."

Bayansa! Kafin a fara, Cleophus ya sunkuya kamar mai gyara, ya sassauta tsirkiya ɗaya, don kiɗan ya karkace muryar ta bi shi ta faɗa rami. Amma hannun da ya ƙware bai yarda da ɓarna ba. Duk sanda tsirkiyar ta zame, sai yatsansa ya danne ta ya jawo, ta yi wani nishi kamar na mai takaba. Ezell ya lumshe ido ya bi ta.

Baturen ya miƙe zumbur. "Kada ku taɓa komai! Haka nake so."

Faifan ya fito da sunan Ezell shi kaɗai. A shagon aski Cleophus ya ji samari na cewa, "Kun ji yadda Ezell ke sa jita kuka?" Ya tashi da rabin aski ya fice.

Ezell ya tafi Chicago, ya gwada makaɗa iri-iri, ba wanda ya iya fitar da nishin nan. Ya dawo cikin kwat, ya iske yayansa a gona yana huɗa bayan alfadari.

"Yaya, don Allah ka biyo ni."

"Ba kai ke sa ta kuka ba? Je ka sa ta mana."

"Haba Yaya, surutun mutane ne. Ni da kai ai mun sani."

Cleophus ya so ya ƙi. Amma da ya tuna wani zai iya koyon salon ya zauna a kujerarsa, sai ya sake shawara. Ya bi shi. Yana zaune a bayan Ezell har furfura ta rufe masa kai, bai taɓa faɗa wa kowa yadda aka yi nishin nan ya samu ba.

Ranar jana'izar Ezell coci ta cika har titi. Cleophus ya kaɗa, hawaye na ɗiga kan jitar, kowa ya yi kuka. A hanyar gida ya dubi matarsa Odessa.

"Kin ga jama'ar da ta zo masa? Ni da wuya in samu rabinsu."